Sarkin Ruwan Moss Side

Idan ka shiga unguwar Moss Side a Manchester ka ce kana neman Dramani Ziblim, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Sarkin Ruwa, har 'yar Jamaikan da ke sayar da jarida a bakin titi za ta nuna maka gidan jan bulo mai tsohuwar farar mota a ƙofa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mai wannan sarauta bai iya iyo ba, kuma har gobe idan ruwa ya wuce masa idon sawu sai ya fara salati.

A zangon Tamale aka haife shi, a arewacin Gana, inda ruwa mafi girma da ya sani shi ne madatsar da mata ke wanki. Ubansa Badagombe ne direban babbar mota, amma Hausar zango ta fi zama a bakin ɗan. Ranar da ya fara ganin teku ta tagar jirgin sama ne, a hanyarsa ta zuwa Ingila, kuma da ya ga ruwan ba shi da niyyar ƙarewa sai ya ja murfin tagar ya ɗauko carbi. Ya yi shara, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin da ya zauna masa: tuƙa ƙaramar bas ta council, wato hukumar gari, yana kwasar tsofaffi daga gidajensu zuwa wata cibiya inda suke wuni suna shan shayi suna gardama. Shekara tara yana wannan aiki. A ciki ya ɗauko matarsa Asmawu daga gida, suka haifi 'yarsu Zinatu, wadda take jin Hausa sarai amma ba ta amsawa sai da Turancin Manchester.

Cikin tsofaffin da yake ɗauka akwai wani mai suna Alfred, masunci ne ɗan shekara tamanin da ɗaya. Ƙugunsa ne ya karye, 'yarsa ta ɗauko shi daga ƙauyensu na bakin teku ta ajiye shi a flat ɗinta. Kullum da safe idan Dramani ya turo shi a keken guragu zuwa bakin mota, sai tsohon ya ɗaga hanci sama ya shaƙa.

"Iska za ta juya kafin tsakar rana."

"Baba, a nan iska ba ta da wani aiki," in ji Dramani. "Ta juya ko ta miƙe, ƙarfe huɗu zan dawo da kai."

"Shi ya sa mutanen garin nan ba ku da hankali. Ba abin da kuke tsoro."

Da shekarun tsuke bakin aljihu suka kama, wasiƙa ta zo a farkon 2011 cewa an rufe cibiyar. Tsofaffi suka koma zaman taga, Dramani ya koma zaman gida. Wata na farko ya yi barci. Wata na biyu ya gyara duk abin da ya lalace a gidan. A wata na uku ya shiga kicin ya sake wa tukwane da kayan yaji wuri, har Asmawu ta zuba sukari a miyar gyaɗa.

"Baban Zinatu," ta ce da shi tana riƙe da ludayi, "ko zagaya unguwa ne ka fita ka yi. Idan na sake ganinka a kicin ɗin nan, ɗayanmu zai koma Tamale."

Da kuɗin sallamarsa ya sayi tsohuwar motar kaya, da nufin kwashe wa ɗaliban Fallowfield kaya idan za su sauya gida. Sai ya tarar ɗalibai sau biyu kawai suke ƙaura a shekara, kuma yawancinsu duk abin da suka mallaka bai wuce akwati da tukunyar dafa shinkafa ba. Da lokaci ya yi masa yawa, sai ya kama zumunci da tsofaffinsa, yana bi gida-gida yana gaishe su. Da ya je wurin Alfred ya same shi ya rame, yana kallon bangon maƙwabta.

"Kana da mota," in ji tsohon. "Kai ni in ga ruwa. Mu je da safe mu dawo da yamma."

Awa uku suka yi suna tafiya gabas, suka ƙetare tsaunuka marasa itace inda tumaki ke kwance a tsakiyar hanya ba su ko ɗaga kai. Da suka kusa, Dramani ya lura itatuwan wurin duk sun sunkuya gefe ɗaya kamar masu ruku'u. Ƙauyen sunansa Scarwick, gidaje wajen arba'in da aka cusa a cikin tsagin dutse, wani a kan wani, hanya ɗaya tal tana gangarawa tsakaninsu har bakin ruwa. A can ƙasa gidan Edna yake, ƙanwar Alfred, wata 'yar tsohuwa busasshiya mai ido kamar na shaho. Ta buɗe ƙofa ta kalli yayanta da ta shekara uku ba ta gani ba.

"Ka yi ƙiba," ta ce. "Shigo, kana shigo min da iska."

Dramani ya shigar da tsoho, ya fito neman inda zai ajiye mota. A saman gari akwai wurin ajiye motoci amma na biya ne. A ƙasa kuwa, ga wani fili na yashi shimfiɗe, ya fi filin idin Tamale faɗi, ba ko mota ɗaya, ba mai karɓar ko sisi. Tekun kuma yana can nesa, da ƙyar ake hango shi. Ya yi mamakin wautar Turawa, ya gangara ya ajiye motarsa a tsakiyar fili, ya kulle ta da kyau saboda ɓarayi.

Ya sha shayi kofi biyu, ya yi sallar azahar a ɗakin baya, ya dawo ya zauna yana cin wani burodi mai tauri, sai Edna ta leƙa taga.

"Motar wane ne waccan da take wanka?"

Da ya fita a guje, filin idi babu shi. Teku ya zo har gindin gidaje, motar tana tsaye a ciki ruwa ya rufe tayoyinta, wani farin tsuntsu yana zaune a samanta. Dramani ya ɗora hannu a ka yana ta innalillahi, yana tambaya wa ya buɗe ruwan. Mutanen gari suka fito ɗaya bayan ɗaya, hannu a aljihu, suka jera suna kallo. Can sai ga wani ƙato mai jan gemu a kan tarakta. Ya shiga ruwa har ƙirji, ya ɗaura sarƙa, ya jawo motar waje tana zubar da ruwa ta kowace ƙofa. Tomas ke nan, ɗan Edna.

Dramani ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya gode masa, ya gode wa iyayensa, ya yi wa 'ya'yansa addu'a, ya roƙi Allah ya raba shi da sharrin ruwa da na wuta da na mahassada. Tomas ya jira har ya gama.

"Aye," ya ce, ya hau tarakta ya tafi.

Wannan kalma ita ce "to" ɗinsu, ita ce "na'am", ita ce "ba komai", wani lokacin ma ita ce ta'aziyya.

Kwana uku motar ta yi tana bushewa a gareji, Dramani yana kwana a ɗakin bayan Edna. A kwanakin nan ne ya gane ya zo wata duniya. Ba wanda yake yin alkawari da agogo. Idan ka tambayi mutum yaushe za a buɗe shago, sai ya ce bayan ruwa ya janye. Jana'iza ma sai an duba takardar da ke nuna lokutan cika da janyewar teku, don idan ruwa ya yi kyau masu ɗaukar gawa suna can cikin jirage. Ƙofofin gidaje duk sun juya wa teku baya. Mata suna ɗaure shanya da maƙalai huɗu-huɗu. Kowa yana tafiya a karkace, har idan iska ta tsaya kwatsam sai ka ga tsoho ya yi taga-taga. Game da ƙarancin maganarsu kuwa, Alfred ya ce a cikin jirgi idan ka yi doguwar magana iska ce take sauraron rabinta, saboda haka tun kakanni suka yanke ta.

Ya tura keken Alfred zuwa ƙarshen wani titi da ya yanke a bakin gaɓa, kwalta ta tsaya cak, ƙasa kuma sai duwatsu da kumfa.

"Makarantarmu tana can," in ji tsohon, yana nuna tsakiyar ruwa. "Gidan da aka haife ni yana gaba da ita kaɗan."

"Baba, to me ya sa ba ku tashi ba?"

"Mun tashi mana. Ba ga mu nan ba? Idan ya matso mu matsa."

A rana ta uku Dramani ya gangara inda jirage ke sauke kaya, ya ga abin da ya fi shigar motarsa ruwa tayar masa da hankali. Tomas yana yanke kawunan manyan kifaye yana wurgawa cikin bokiti, haɗe da wasu kifayen sukutum waɗanda ya ce kasuwa ba ta so, wai sun yi muni ko sun yi ƙaya. Da su ake ɗana wa ƙaguwa tarko, saura a bai wa tsuntsaye.

"Kan kifi?" in ji Dramani. "Kan kifin kuke ba tsuntsu? Ai nan ne daɗin yake!"

Tomas ya kalle shi kamar yadda ya kalli motar, ya tura masa bokitin da ƙafa.

Da aka tashi komawa, Alfred ya ce ba inda za shi.

"Baba, me zan gaya wa 'yarka?"

"Ka ce mata iska ba ta yi kyau ba."

Haka Dramani ya koma Manchester ba tsoho, sai kawunan kifi. 'Yar Alfred ta yi masa faɗa na awa guda a waya, ta je da kanta ta dawo ita kaɗai. Asmawu kuwa da ta buɗe bokiti sai ta ɗaura zani da kyau. A daren suka ci miyar da tun barinsu gida ba su ci irinta ba. Washegari ta sa ya nemo mata tsohuwar ganga, ta huda ta, ta fara banda a bayan gida. Hayaƙin farko ya jawo 'yan kwana-kwana da mota biyu. Suka duba ganga, suka yi mata gargaɗi, shugabansu ya tafi da kifi biyu a takarda.

Kafin shekara ta zagayo, motar tana zuwa Scarwick sau biyu a mako. Mutanen Gana da ke Moss Side suka fara, ɗaliban arewacin Nijeriya da ke Fallowfield suka biyo, har labari ya kai Birmingham, inda wata mai shago a Handsworth, Celestina, ta ware masa firiza guda. Lokaci ne da kowa yake lissafin abin da zai sa a tukunya, kifi mai arha kuma mai daɗi ba abin wasa ba ne.

Sai dai kifin nan ba ya zuwa don an so. Idan iska ta taso daga arewa, jirage ba sa fita, kwana biyar, kwana goma. Dramani ya manna takardar cikar teku a bangon falo kusa da jadawalin salla, ya koyi sauraron hasashen yanayin teku a rediyo, yana yi wa kowa tsawa a yi shiru. Mutanen da ba su taɓa ganin Scarwick ba suka shiga ƙarƙashin mulkin iskarta. Mace za ta tare shi a ƙofar masallaci ta ce, "Sarkin Ruwa, ina da baƙi ranar Lahadi," sai ya ɗaga hanci sama ya shaƙi hayaƙin bas ya ce, "Ki mai da shi Laraba." Kuma ta mayar. Shi kansa maganarsa ta ragu. Zinatu ta ce wata rana ta tambaye shi ko ya ga sakamakon jarrabawarta, ya ce mata "Aye".

Abin da ya ɗaga darajarsa a Scarwick kuwa wata ne. Wata rana Tomas yana laluben takardarsa a aljihu don ya ga yaushe babbar cika za ta zo, Alfred ya ce ai wata ne yake jan ruwan, idan ya tsaya sabo ko ya cika, bayan kwana biyu teku yakan yi tashin da ya fi na kullum.

"Yau sha biyu ga wata," in ji Dramani. "Jibi zai cika."

Aka nemo takarda aka duba, haka ne. Garin da gajimare ke rufe sama mako uku a jere, ga mutum yana yawo da kwanan wata a ka. Ya yi musu bayanin azumi da salla, suka gyaɗa kai, amma daga ranar idan ya sauko daga mota sai wani ya ɗaga murya, "Nawa ga wata?" Ya faɗa, a ce "Aye," a ci gaba da aiki.

A ƙarshen Nuwamba ta 2013 aka yi wa wani ɗalibi haihuwa a Handsworth. Sunansa Abdulsalami Jumare, Bazazzage ne mai karatun digiri na uku, jaririn kuma ɗan fari ne, namiji. Ya bugo waya cike da ɗoki.

"Baba Dramani, suna ranar Asabar. Rago a gida Zariya za a yanka, nan kuwa na kama hall na taro, na gaya wa kowa kifin Sarkin Ruwa za a ci. Wajen mutum ɗari."

"Malam, da za ka ɗaga zuwa wani makon. Wata sabo ne, rediyo kuma ba ta faɗi alheri ba."

"Baba, suna ne fa. Kwana bakwai. Ko supervisor ɗina bai isa ya ɗaga shi ba."

Ranar Alhamis da safe Tomas ya bugo waya da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya yi jawabi mafi tsawo a rayuwarsa: "Kada ka zo." Dramani ya ajiye waya ya zauna. Ya tuna muryar Abdulsalami, ya ce ko a firizar wani ai ba za a rasa kifi ba. Asmawu ta ce ba shi da hankali, ta cika masa fulas da shayi.

A kan tsaunuka iska ta riƙa tura motar kamar kwali. Da ya iso ya tarar an ja jirage duka sama an ɗaure, maza da mata suna cika buhuna da yashi. Ba wanda ya tambaye shi me ya kawo shi, aka miƙa masa shebur. Wajen la'asar teku ya zama baƙi, yana dukan bangon gaɓa har ƙasa na girgiza, ga shi sauran awa biyu kafin ya gama cika. Aka ce duk na layin ƙasa su hau ɗakin taron coci da ke saman gari. Matsalar ita ce layin ƙasa tsofaffi ne zalla, hanya ga tsayi ga santsi, motar asibiti kuma itace ya faɗi ya tare ta tun daga nesa.

Nan Dramani ya ajiye shebur. Wannan aikinsa ne na shekara tara. Ya san yadda ake ɗaga tsoho ba a taɓa masa ƙugu ba, ya san yadda ake lallashin tsohuwar da ta ce ba ta fita sai ta sami haƙoranta. Ya share akwatunan kifi, ya shimfiɗa barguna, ya riƙa kwasa uku-uku. Alfred ya zauna a gaba yana ba da umarni, fuskarsa kamar ranar angonci.

"Na gaya muku iska za ta juya! Tun Litinin nake faɗa!"

Edna ce ta ƙarshe. Ta ce ruwa ya shigo gidan nan sau biyu a rayuwarta kuma sau biyu ya fita, ba ta ga dalilin da za ta ba shi wuri ba. Ana cikin haka igiyar ruwa ta tsallake bango ta fasa a kan titi, ta shigo falo har gwiwa. Dramani ya ce, "Mama, ki yi haƙuri," ya saɓe ta a kafaɗa da kyanwarta a hannu, ya fita yana karanta duk abin da ya haddace. Tana bisa kafaɗarsa tana ce masa ya manta bai rufe ƙofa ba.

Ba a rasa rai ba. Amma da gari ya waye, ruwa ya shiga gida goma sha ɗaya, ya tafi da lambun Edna da rumfar kajinta da rabin hanyar ƙasa. Ta tsaya ta kalli inda kabejinta yake da, ta ce dama bana bai yi kyau ba. Ranar Juma'a Dramani ya wuni yana kwasar laka, sai da yamma ya tuna abin da ya kawo shi, ya zauna a kan buhu ya riƙe kai. Kifi kam babu ko ɗaya, ruwa ya kwashe firizojin layin ƙasa.

Tomas ya ji labari, ya ja shi zuwa wata rumfa a saman gari. Ciki tankuna ne cike da ƙaguwa da wata halitta da suke kira lobsta, mai kama da kunamar da ta kai girman kyanwa. Kayan manyan otal ne, ana ajiye su da rai har motar 'yan kasuwa ta zo. Wuta ta ɗauke, injin da ke ba su iska ya tsaya, motar kuma ba ta zuwa sai Litinin.

"Kwashe," in ji Tomas.

Matan gari suka dafa ƙaguwar a manyan tukwanen coci. Lobsta kuwa aka ce da rai ake tafiya da ita, aka ɗaure mata hannuwa da roba aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Da asubar Asabar aka buɗe hanya, ya kama hanyar Birmingham yana jin ana ƙwanƙwasa masa mota daga baya.

Ya iso Handsworth ana gama addu'a. Hall ya cika, mata sun dafa shinkafa da miya suna jiran kifi kawai. Abdulsalami ya taho da gudu cikin babbar riga, ya buɗe akwatin farko, ya yi tsalle baya.

"A'uzubillahi! Baba, mene ne wannan?"

"Abincin masu kuɗi ne, Malam."

"Yana motsi fa!"

Garin ja da baya ya ture akwatin, lobsta shida suka bazu a ƙasa suka kama gabansu. Mata suka hau kujeru, wani Bakatsine mai digiri biyu ya fita ta ƙofar baya bai ko ɗauki takalmi ba. Matan Gana da suka taso a Takoradi da Accra kuwa suka yi guɗa, suka tattare zannuwa suka bi su suna kamawa, Celestina tana gaba. Aka koma kan limamin da ya raɗa suna ana tambaya ko wannan abu ya halatta. Ya gyara tabarau ya leƙa akwati daga nesa, ya ce a mazhabarmu duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, babu shakka a kai. Aka ce to bismillah, Malam ya fara. Ya ce shi dai ya ƙoshi.

Cikin awa guda ƙamshi ya cika hall. Mutanen Gana suka zauna suna fasa ƙaguwa da gindin cokali, 'yan Nijeriya suna cin shinkafa da miya tsura suna satar kallo. Mai jego Raki ce ta fara karya layi, ta ce ita da ta haihu ba abin da zai ƙara ba ta tsoro, a ba ta ta ɗanɗana. Ta ci, ta ce a ƙaro. Wani ya duba waya ya faɗi abin da ake sayar da faranti ɗaya a otal ɗin London, nan take tsoro ya ragu ƙwarai. Bakatsinen nan ya dawo neman takalminsa, aka gan shi daga baya a lungu da lobsta guda yana fama da ita kamar mai gyaran mota. Har yau a Handsworth idan ana lissafin shekarun yaron, cewa ake an haife shi shekarar sunan ƙaguwa.

Hanyar ƙasa ba a gyara ta ba, hukuma ta ce babu kuɗi. Tun daga lokacin a saman gari ake ajiye mota, a hau da kifi a kafaɗa, matakala ɗari da goma sha biyu. Dramani ya yi ta mita, amma likitansa ya ce hawan jininsa ya sauka, ya ci gaba da duk abin da yake yi. Alfred ya rasu bayan shekara biyu a gadonsa, taga a buɗe. Dramani yana cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin, ya tsaya a bakin ƙofar coci har aka gama, ya yi kuka irin na mutanenmu, mutanen gari suna bubbuga masa kafaɗa a karkace.

Asmawu, wadda ta yi shekara biyar tana banda kifin Scarwick, ba ta taɓa zuwa ba sai a bazarar 2016, da Edna ta aiko cewa tana son ganin matar da ke aiko mata da yaji. Ta yi kwalliya ta yafa sabon mayafin da ƙanwarta ta aiko daga Kumasi. Dramani ya kai ta bakin gaɓa yana ta bayani, ga inda makaranta take, ga inda ruwa ya kai. Ta tsaya ta kalli teku sama da ƙasa, yadda take kallon mai kayan miya idan ya faɗi farashi.

"Wannan ne yake hana ka dawowa a kan lokaci?"

Kafin ya amsa iska ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta yi sama da shi, ya buɗe kamar tuta, ya sauka can tsakiyar ruwa.

"Baban Zinatu! Ba kai ne Sarkin Ruwa ba? Shiga ka ɗauko min!"

Ya ce sarautar tasa ba ta kai nan ba. Edna ta ara mata wata hular ulu mai tuntu, ta ɗora a kan ɗankwali, suka shiga ciki su biyu suka rufe ƙofa. Da ya leƙa bayan awa guda ya tarar Asmawu tana koya wa tsohuwar yadda ake soya albasa, suka ce ya fita yana shigo musu da iska.